Muryar Marubuci A Cikin Majigi

Yau za mu duba wata matsala da ta daɗe tana damun masu shirya fim, watau idan aka ɗauko labari daga littafi, ina za a kai muryar marubucin?

Abin da aka saba yi shi ne a yar da ita. A ɗauki abin da ya faru a nuna shi a hoto, a ɓoye kowace dabara, har mai kallo ya manta wasa yake kallo. To, amma sau da yawa daɗin littafi a bakin mai ba da labari yake. In an cire shi, sai a tarar an ci tuwo ba miya.

Wani Ba'amurke mai shirya fim, Wes Anderson, ya bi wata hanya dabam. A 2023 ya fitar da wani gajeren fim da bai kai minti 40 ba, mai suna The Wonderful Story of Henry Sugar, daga labarin da Roald Dahl, marubucin Birtaniya, ya buga a 1977. Labarin wani attajiri ne ɗan caca, wanda ya karanta rahoton wani likita a kan wani mutum a Indiya mai gani ba da ido ba. Ya koyi wannan asiri don ya riƙa cinye karta, amma da kuɗi suka taru sai suka fita ransa, ya koma gina gidajen marayu.

Anderson bai yar da kalmomin Dahl ba. 'Yan wasa sukan dubi mai kallo ido da ido su zuba labarin kusan yadda aka rubuta shi, har da “na ce” da “ya ce”. Ralph Fiennes ya fito a matsayin Dahl kansa, yana zaune a ɗakin rubutunsa. Ana gani ma'aikata su shigo su janye bango, su miƙa wa ɗan wasa kaya. Mutum ɗaya kan fito a matsayi biyu. Da aka zo inda wani mai baiwa zai tashi sama, sai ya zauna bisa akwati da aka yi wa fenti irin na bayansa, kowa kuwa yana ganin akwatin.

Wasu sun ce wannan karatu ne kawai, ba fim ba, kuma lalle saurin maganar kan gajiyar da kunne. Amma ni a ganina akwai hikima a ciki. Wanda ya taɓa zama gaban tsohuwa da dare ya san ba ta taɓa ɓoye cewa ita ce Gizo, ita ce Ƙoƙi, duk da haka yara kan tsorata, su yi dariya. Mai ba da labari da ya nuna hannunsa ya amince da hankalin mai sauraro ke nan, ya bar masa aikin cika sauran da zuciyarsa.

Fim ɗin ya ci lambar Oscar a 2024, wadda ita ce ta farko ga Anderson. Saboda haka duk mai niyyar mai da littafi majigi, ya yi tunani tukuna kafin ya sallami mai ba da labari. Sai wani makon, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.