Hirar Masu Keke a Kafanchan

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya sake samun daraja a Kafanchan. Ku tsaya wurin mai faci da sassafe ku ji hira. Wannan na kukan kaca ta tsinke masa a hanyar Kagoro, wancan na cewa: "Malam, duba birkinka kafin gangaren dutse, damina ta cinye hanya." Manomi kuma na tambaya ko tayar baya za ta iya da buhun citta. A irin hirar nan sabon shiga ke koyon gyara kyauta. Direbobi da 'yan acaɓa, don Allah ku riƙa rage gudu ku ba mai keke hanyarsa.