Cikin Ɗalibi da Jadawalin Lacca: Matsalar Abinci Mai Gina Jiki a Manyan Makarantunmu



Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai a wata jami'a ta Najeriya ya san lissafin nan da ake kira 0-1-0: babu karin kumallo, a ci na rana, a kwanta a haka. Akwai 1-0-1, akwai kuma 0-0-1 na ƙarshen wata. Ɗalibai cikin raha suke faɗinsa, har da gasar wanda ya fi juriya. Abin da nake son kafawa a nan shi ne, yawancin ɗalibanmu sun san abinci mai kyau tun daga tukunyar gidajensu. Abubuwa uku ne ke raba su da shi: lokaci, wutar girki, da kuɗi. Biyun farko kuwa sun fi zama a hannun hukumar makaranta fiye da hannun ɗalibi.

Da can ba haka lamarin yake ba. A shekarun 1970 jami'o'in tarayya suna da manyan ɗakunan cin abinci, ɗalibi ya yanki tikiti ya ci sau uku a rana a kan farashin da gwamnati ta tallafa. A watan Afrilun 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini guda na cikin abin da ya fito da ɗalibai kan titi suna neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an janye tallafin, ciyar da ɗalibi ta koma kan aljihunsa da na iyayensa. Aljihun nan kuwa kowa ya san halin da yake ciki. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Kuɗin ɗawainiya da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara bayarwa a 2024 naira 20,000 ne a wata. Idan aka raba shi kwana 30 bai kai naira 700 a rana ba, kuma a cikinsa ake son a fitar da kuɗin mota da data da buga takardu.

Yanzu mu je teburin mai shayi da ƙarfe goma na dare. Ɗalibi ya fita tun bakwai da rabi don ya sami kujera a laccar ƙarfe takwas, ya bi laccoci a jere, wani malami ya sa tasa a lokacin da ya kamata a huta, an yi la'asar a guje, an shiga ɗakin karatu. Sai yanzu ya zauna. Mai shayi ya yage Indomie biyu a ƙaramar tukunya, ya juye ƙullin ɗanɗanon duka, ya murmusa dunƙulen magi a kai, ya yanka 'yar albasa da attaruhu, ya fasa ƙwai idan an biya kuɗinsa. A gefe ga kofin shayi da aka zuba wa sukari da cokali mai tozo, ko lemon kwalba mai sanyi. Ba na ganin laifin mai shayi ko kaɗan. Shi kaɗai ne wutarsa ke ci a wannan lokaci a duk harabar makarantar.

Sai dai mu duba abin da ke cikin farantin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ƙullin ɗanɗanon taliya da dunƙulen magi, gishiri ne mafi rinjaye a cikinsu, don haka faranti ɗaya irin wannan kan lashe babban kaso na gishirin yini, tun ba a lissafa na biredi ba. Hukumar ta kuma ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da ake samu daga abinci, kimanin giram 50 ke nan ga matsakaicin mutum. Robar lemo ɗaya ta rabin lita takan ƙunshi kusan hakan ita kaɗai. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Najeriya ta ɗora wa lemukan kwalba masu sukari a Dokar Kuɗi ta 2021 bai taka kara ya karya ba a gaban zafin watan Afrilu. Sannan giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa da ake so a ci kullum, a farantin nan albasa da attaruhu ne kawai ke wakiltarsu. Ɗan shekara ashirin ba zai ji komai yau ba. Hawan jini da ciwon suga a hankali suke ginuwa, sai an daɗe da karɓar takardar digiri suke bayyana.

Abin da zai ji yau shi ne gajiya. Ƙwaƙwalwa, duk ƙanƙantarta, tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na kuzarin da jiki ke ƙonawa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma malamin da ya taɓa koyarwa ƙarfe biyu na rana ya ga idanun da suke kallonsa ba sa ganinsa.

To ina mafita ga mai ƙaramin aljihu? A ganina tana cikin wake, kuma a nan zan ɗan daɗe. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar ke bi mata. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin wanda wake ke da shi a wadace, shi kuma wake yana da ƙarancin wani da hatsi ke cike masa. Ma'ana, shinkafa da wake, koko da ƙosai, ɗanwake, dambu da ƙuli-ƙuli, duk haɗi ne da masana abinci za su sa wa hannu ba tare da gyara ba. Garau-garau da ake yi wa kallon abincin rashi, idan aka rage mai aka yanka masa kabeji da tumatir da gurji, ya fi farantin mai shayi riƙe ciki da gina jiki, kuma yawanci ya fi shi araha. Awara ta zama naman talaka a garuruwanmu, kuma ta cancanci sunan, illarta ɗaya man da ake ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli ya haɗa ganye da furotin a kwano ɗaya. Fura da nono marar sukari da yawa, abinci ne cikakke ga mai sauri.

Matsalar wake ita ce wuta. Yana cin gas, yana cin lokaci, ɗalibi ɗaya mai ƙaramar tukunyar gas ba zai ɗora shi kullum ba. Jiƙa shi tun dare yana rage lokacin dahuwa sosai. Amma babbar dabara ita ce haɗa tukunya. 'Yan ɗaki huɗu su yi karo-karo su sayi kwanon wake da shinkafa da garin masara da manja da daddawa a kasuwa farkon wata, maimakon ƙulle-ƙullen kanti da ke cinye kuɗi a ɓoye, sannan su raba kwanakin girki bisa jadawalin laccar kowa. Wanda ba shi da laccar safe ranar Talata shi ke ɗora tukunya ranar Talata. Ɗalibai mata sun daɗe da gane wannan. Maza ne har yanzu wasunsu ke ganin girki kamar zubar da girma, suna ƙarewa a shan garin kwaki da sukari dare da rana.

Ga 'yan mata akwai wata magana ta daban. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ɗalibar da ke yawan jin jiri da kasala da bugun zuciya idan ta hau bene, sau da yawa akan ce karatu ne ya yi mata yawa. Sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata yana cikin wake da ganye da hanta da kifi, amma shan shayi tare da abinci yana hana jiki zuƙarsa yadda ya kamata, yayin da lemon zaƙi ko gwaiba ko ɗanyen tumatir ke taimaka masa. Ba a ce a bar shayi ba. A ba shi tazarar awa guda da abinci.

Sai olsa, wadda kusan kowane ɗalibi ke cewa yana da ita, yana kuma ɗora wa yunwa. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun sami kyautar Nobel a 2005 saboda gano cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta ce ke haddasa yawancin gyambon ciki. Na biyunta shi ne yawan haɗiyar magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac. Zama da yunwa yana tsananta raɗaɗin, amma mai gyambo gwaji yake buƙata a asibitin makaranta da cikakken magani, madara da maganin tsotso na kemis lallashi kawai suke yi.

Lokacin jarrabawa kuma komai ke taɓarɓarewa. A daina girki, a koma lemon ƙara kuzari da Nescafé da goro don a kwana karatu. Sinadarin kafeyin yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka wanda ya sha ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko ya kwanta da asuba barcinsa ba zai yi nauyi ba, alhali a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta. Dafaffen ƙwai, soyayyar gyaɗa, dabino, aya, ayaba da gorar ruwa duk suna shiga jaka, ba sa buƙatar wuta. Ragowar shinkafar da ta yini a ɗaki mai zafi ba firji kuwa a yi hattara da ita, domin akwai gubar da ɗumame ba ya kashewa. A kuma rufe gari da hatsi a mazubi mai murfi, saboda ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, musamman da rani.

Na dawo kan hukumomin makarantu, tunda na ce kaso biyu na hannunsu. Na farko, kwamitin tsara jadawali ya ware awa guda da rana, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu, wadda ba lacca ba gwaji, a kuma hana malamai cusa laccar cike gurbi a cikinta. Wannan ba ya cin ko sisi, kuma ya haɗa sallar azahar da cin abinci. Na biyu, maimakon a tsaya ga kamen risho da abin girkin lantarki a ɗakuna, wanda dalilinsa na tsoron gobara gaskiya ne, a gina ɗakin girki na bai ɗaya a kowane rukunin ɗakunan kwana, mai ruwa da wurin ajiye tukwanen gas. Na uku, wajen raba rumfunan kasuwanci a harabar makaranta, a sassauta haya ga masu alala da ƙosai da kwaɗo da masu yanka kankana da gwanda, a sa sashen lafiya ya riƙa duba ruwan da suke aiki da shi da man suyarsu. Jami'o'in da ke da tsangayar aikin gona suna da filaye da ɗaliban da dole su yi aikin gwaji kowace shekara. Wake da ganyen da suke nomawa ana iya sayar da su ga ɗalibai a ƙofar ɗakunan kwana a kan kuɗin da aka kashe wajen nomansu.