Jawabi Ga Mazauna Sabo: Haƙƙin Mutum Da Nauyin Jama'a

Ya kamata ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999. Shi ne ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama duk inda ya so a ƙasar nan. Ba alfarmar mai masauki ba ce. Wanda aka kora yana iya kai ƙara Babbar Kotu.

Amma akwai sashe na 24, wanda masu yawon neman ƙuri'a ba su cika ambata ba. Shi kuwa ya ɗora wa mutum kiyaye mutuncin wasu da taimakon garin da yake zaune. Yana cikin babi na biyu, wanda kotu ba ta tilasta bin sa. Ashe tsaronsa ya koma wuyan Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin 'yan goro.

A tuna Shagamu, watan Yuli 1999. An ce wata Bahaushiya ta fita da dare lokacin bikin Oro, alhali al'adar garin ta hana mata fita. Bisa doka tana da ikon fita, babu kuma al'adar da ta halatta jininta. Aka kashe ta, Sabo ta kama da wuta, sa'an nan aka rama a Kano kan Yarabawan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Saboda haka baƙon da ya sauka Sabo, tun ran farko a sanar da shi ranakun bukukuwan gari. Wanda aka zalunta kuwa, shugabanni su raka shi kotu kafin samari su ɗau sanda.