Maigret: Ɗan Sandan Cikin da Ba Ya Gaggawa



An nemi mu yi magana a kan littattafan da muka fi so, mu kuwa muka zaɓi irin waɗanda wasu masana adabi ba su cika ɗaga ido su duba ba, wato ƙagaggun labaran binciken kisan kai. A cikinsu ma ba mu ɗauki Sherlock Holmes ba, ba mu ɗauki Poirot na Agatha Christie ba, domin waɗannan kusan duk wanda ya ratsa sakandare ya san da zamansu. Wanda muka ɗauko shi ne wani ƙaton ɗan sandan ciki na birnin Faris mai suna Jules Maigret, ana kuwa faɗin sunan kamar "Megre". Tun muna sakandare muke bin sawunsa, littafi bayan littafi, har yau kuma ba mu gaji ba.

Wanda ya ƙago shi shi ne Georges Simenon, mutumin Beljiyam. An haife shi a garin Liège a 1903, ya mutu a ƙasar Suwizalan a 1989. Bai cika shekara 16 ba ya bar makaranta ya kama aikin jarida. Littattafan Maigret sun fara fitowa a 1931, na ƙarshe ya fito a 1972, jimlarsu 75, ban da gajerun labarai 28. A 1934 Simenon ya yi wa Maigret ritaya, ya kai shi ƙauye ya zaunar, da nufin shi ma ya huta ya koma rubuta abin da yake gani ya fi daraja. Hakan bai ɗore ba, a 1942 sai ga Maigret ya komo bakin aiki. Wani abin mamaki shi ne, da yawa daga cikin littattafan da suka fi ƙamshin titunan Faris a Amurka aka rubuta su, inda Simenon ya zauna daga 1945 zuwa 1955. Yakan gama littafi guda cikin mako ɗaya ko kwana goma, da kalmomi masu sauƙi ƙwarai. Saboda haka 'yan'uwanmu na Nijar, da masu koyon Faransanci a nan, za su iya karanta shi a harshensa na asali ba tare da sun yi ta jan ƙamus ba.

To, me ya raba Maigret da sauran? Holmes da Poirot 'yan kansu ne. Ba su da maigida, ba mai tambayarsu rahoto, in sun ga dama su karɓi aiki, in ba su ga dama ba su ƙi. Maigret kuwa ma'aikacin gwamnati ne mai cin albashi. Ofishinsa yana lamba 36 a titin Quai des Orfèvres, bakin kogin da ya ratsa Faris, inda hedkwatar 'yan sandan ciki take a zahiri har zuwa 2017, lokacin da aka tashe ta. Yana da darekta a samansa, yana da sufetoci a ƙarƙashinsa, su Lucas da Janvier da Torrence da Lapointe. Akwai kuma alƙalin bincike, domin a tsarin Faransa alƙali ne ke lura da binciken manyan laifuffuka, ɗan sanda yana yi masa aiki ne. Wanda ya fi zame wa Maigret ƙarfen ƙafa a cikin alƙalan nan shi ne Coméliau, mutum mai son a kama wani da wuri a rufe fayil kafin jaridu su fara surutu. Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san irin wannan maigidan.

Maigret ba ya rarrafe a ƙasa yana duba tokar sigari, ba ya tara mutane a falo ya yi musu lacca. In aka yi kisa, sai ya sa kwat ɗinsa mai kauri, ya cusa taba a lofensa, ya tafi unguwar ya zauna. Ya shiga ɗakin mamacin, ya tsaya bakin taga ya ga abin da mamacin yake gani kullum. Ya zauna a shagon da yakan zauna, ya saurari mai gadin gida da mai wanki da maƙwabta. In aka tambaye shi abin da yake zato, sau da yawa amsarsa ita ce ba ya zaton kome. Haka zai yi ta jiƙa cikin rayuwar mutanen nan kamar tsumma a ruwa, har ranar da zai gane abin da ya matsa wa wani lamba ya kai shi ga aikata abin da bai taɓa tsammanin zai aikata ba. An ba mu labarin cewa ya fara karatun likita, mutuwar mahaifinsa ta sa ya bari, kuma tun yana yaro yake marmarin wata sana'a da babu ita, ta gyara wa mutane rayuwarsu in ta karkace. Aikin ɗan sanda shi ne ya fi kusa da ita.

Bari mu kawo littafin da muke ganin ya fi nuna halinsa, La Tête d'un homme na 1931, wato "Kan Mutum". An kashe wata attajira Ba'amurkiya da baiwarta... a'a, mai yi mata aiki, domin 'yar albashi ce. An sami shatin takalmi da na yatsun wani talakan saurayi mai suna Heurtin a gidan, kotu ta yanke masa hukuncin kisa. A lokacin Faransa tana fille kan masu kisan kai, ba ta soke hukuncin kisa ba sai a 1981. Maigret da kansa ya kama saurayin, shaidu kuma sun cika, ba wanda zai zarge shi in ya naɗe hannu. Amma abu guda ya hana shi barci: yaron bai san matar ba, bai ɗauki ko anini ba, ba shi da dalilin kashe ta. Sai Maigret ya je wurin manyansa ya roƙa a bari a shirya wa yaron hanyar gudu daga kurkuku, a bi shi a ga wurin wanda zai nufa, ya kuma sa aikinsa jingina: in abin ya ɓaci, zai ajiye muƙaminsa. Ku dubi wannan da kyau. Fayil ya kammala, kowa ya sa hannu, babban jami'i ya ɗauki shekarun da ya yi yana aiki da fanshonsa ya ɗora a kan wuyan wani yaro da ba shi da kowa. Ba za mu faɗa muku wanda ya yi kisan ba, ko da yake a littattafan Maigret sanin mai laifi ba ya rage daɗin karatu, sau da yawa tun tsakiyar littafi an san shi.

Akwai wani kuma da ya kamata duk mai shirin shiga ma'aikatar gwamnati ya karanta, Maigret chez le ministre, wato "Maigret a Gidan Minista", wanda aka rubuta a 1954. An gina gidan jinyar yara a gindin dutse, ginin ya rushe, yara fiye da ɗari suka mutu. Ashe tun kafin a ba da kwangilar wani masani ya rubuta rahoto ya yi gargaɗi kada a gina a wurin, aka danne rahoton. Bayan bala'in sai wani ya tono kwafinsa ya kai wa sabon Ministan Ayyuka, mutumin kirki wanda ba shi da hannu a kwangilar. Kafin ya miƙa shi gaba aka sace shi daga gidansa, ya zamana duk ƙasa za ta ce shi ya ɓoye. Maigret, wanda ya tsani shiga harkar 'yan siyasa, ya wanke ministan, ya kama ɗan aiken da ya yi satar. Amma ɗan majalisar da ya kitsa abin, mai tara asirin mutane don ya riƙa juya su, ko ƙwarzane bai samu ba. Simenon bai yi mana ƙaryar cewa gaskiya takan ci duka ba. Rabi ta ci, Maigret ya koma gida da ɗacin sauran rabin.

Kada a ce mun zo yabo kawai. Mai ƙaunar abu shi ya fi sanin aibinsa. Maigret mashayin giya ne, yana sha a bakin aiki safe da rana, har mai karatu ya riƙa mamakin yadda yake gane hanyar gida. Matarsa Louise, in ban da littattafai kaɗan, aikinta dafa abinci da jiran miji. A littattafan farko akwai kalamai na raini ga Yahudawa da baƙin da suka zo daga gabashin Turai, wannan kuwa tabo ne da ba ya wankuwa. Sa'an nan yadda yake tsare mutum a ofis dare farai, sufetoci suna karɓa-karɓa da tambayoyi har mutumin ya gaji ya amsa, ba lauya a gefensa, abu ne da muke karantawa da sha'awa don mun amince da Maigret. A hannun wani jami'in sunansa zalunci.

Abin da ya fi damun mu shi ne Le Pendu de Saint-Pholien, shi ma na 1931. Maigret ya ga wani mutum cikin tsummoki yana aika kuɗi masu yawa ta gidan waya, ya yi zargin ɓarawo ne, ya bi shi har garin Bremen na Jamus, a hanya ya musanya masa akwati da wani irinsa. Da mutumin ya buɗe ya ga ba nasa ba ne, sai ya harbe kansa. Abin da ke cikin akwatin na ainihi kuwa tsofaffin tufafi ne masu jini. Bincike ya kai Maigret Liège, ga wata ƙungiyar samari 'yan makaranta da masu zane, waɗanda shekara goma da suka wuce sukan taru da dare suna sha suna manyan maganganu a kan rushe duniya, har wata rana magana ta zama aiki, suka kashe ɗaya daga cikinsu. Simenon ya san irin wannan ƙungiya, don ya zauna cikin wata yana saurayi, an kuma tsinci wani abokinsa a rataye a ƙofar cocin da littafin ya ci sunansa. Yanzu samarin sun girma, ɗaya har ya zama mataimakin manajan banki, sun yi aure sun haifu, saura 'yan makonni wa'adin da doka ta ɗiba na gurfanar da su ya ƙare. Maigret ya ƙirga 'ya'yansu, ya sa hularsa, ya hau jirgin ƙasa ya koma Faris bai kama kowa ba.

Mun daɗe muna gardama a kan wannan a tsakaninmu. Wasu suna cewa jinƙai ne, tun da ɗaure iyayen ba zai tayar da mamaci ba, sai dai ya ƙara marayu. Mu dai muna ganin a nan Maigret ya wuce gona da iri. Matalaucin cikinsu ya mutu, da hannun Maigret a mutuwarsa, masu rufin asiri kuma sun tsira. Wa ya ba ɗan sanda ikon zama alƙali? Mu da muka san abin da ake kira alfarma, mun san yadda take farawa: jami'i ya dubi mutum ya ce wannan ɗan mutunci ne, a bar shi. Da yawa a cikin wannan ɗaki, nan da 'yan shekaru, za su riƙe fayil ɗin fanshon wani tsoho, ko na filin wata bazawara, ko na ladabtar da wani masinja. Dokar aiki za ta ce abu kaza, mutumin da ke tsaye gaban tebur kuma yana da labarin da fayil bai ɗauka ba. Ranar nan za a bukaci kunnen Maigret na sauraro, da irin taurin kan da ya ceci Heurtin. Za a kuma bukaci tuna cewa kunnen nan ya fi saurin jin mai kwat da taye. Littafin lissafi ko na dokokin aiki ba ya sa mutum wannan tunani, littafi 75 na mutum guda a bakin aiki kuwa suna sa shi, domin a cikinsu mun gan shi ya yi daidai, mun gan shi ya kauce, mun ga ya tsufa yana ƙara shakkar kansa.

Ga wanda yake son farawa, kamfanin Penguin ya sake fassara littattafan 75 duka zuwa Ingilishi, ya fara fitar da su a 2013, kusan ɗaya kowane wata. Ba dole ne a bi su a jere ba. Shawararmu a fara da "Kan Mutum", a bi da na minista, a ajiye na ƙarshe, Maigret et Monsieur Charles na 1972, sai an saba da mutumin. A farkonsa an kira Maigret an yi masa tayin muƙamin darektan 'yan sandan ciki gaba ɗaya, kujerar da kowane jami'i yake mafarki. Ya yi godiya ya ƙi, don ya san in ya hau ta ya rabu da titi ke nan, sai takardu da tarurruka. Ya koma ofishinsa ya tarar da wata mata tana jiransa, mijinta ya ɓace wata guda ke nan.