Kuɗin Binciken Jami'a Dukiyarku Ce



Yau maganarmu a kan kuɗin da ake ba malaman jami'a ne domin su yi bincike. Wani zai ce ina ruwan manomi da wannan? To, ku leƙa ɗakin ajiyarku. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda kuke zuba wake ya yi watanni ƙwaro bai taɓa shi ba kuma ba ku sa magani ba, bincike ne ya kawo shi. Jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aikin tare da masananmu na INRAN a Maradi, da tallafin Gidauniyar Gates tun 2007. Ɗan ƙwaron da ake saki a gonaki yana kashe murzuna mai cin zangarniyar hatsi, shi ma sai da masana suka yi shekaru suna gwaji kafin ya iso ƙauyukanku.

Kuɗin bincike ta hanya biyu suke shigowa: daga kasafin ƙasa, da kuma daga masu tallafi na waje. Mai tallafi kashi-kashi yake bayarwa. Sai an kai masa rahoto da rasit na duk abin da aka saya kafin ya saki kashi na gaba. Jami'a tana cire wani kaso don wuta da ruwa da ma'aikatan lissafi. Sauran na iri ne, da man mota, da kayan gwaji, da ɗaliban da ke wuni a gonar gwaji.

Ku da kuke noma kun san damina ba ta jiran kowa. Idan takardar sakin kuɗi ta kwanta a kan teburin wani ofis har hatsi ya yi bununi, gwajin bana ya wuce, sai baɗi. Idan kuma aka ɗebi kuɗin bincike aka toshe wani rami da su, lissafi ba zai daidaita ba. Mai tallafi ya kwashe nasa ya kai wata ƙasa, malamin ya bi shi, ɗalibi ya zauna babu digiri.

A 2010 aka mai da cibiyoyin Maradi, Tawa da Damagaram jami'o'i. Gini ya tashi, ƴaƴanku sun shiga. Amma Tarayyar Afirka ta nemi kowace ƙasa ta ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara domin bincike, mu kuwa ba mu kai ba. Ɗan abin da ke akwai ɗin, wa ya taɓa karanta muku lissafinsa?

Ga abin da ƴan majalisarmu za su tsaya a kai idan kun tura su:

Na ɗaya, kowane aikin bincike ya samu asusunsa daban, kada a taɓa ko dala don wata hidima.

Na biyu, kuɗin binciken noma su isa hannun masu aiki kafin ruwan shuka.

Na uku, kowace shekara masu binciken kuɗi daga wajen jami'a su duba littattafai, a kai sakamakon gaban majalisa.

Na huɗu, a faɗi abin da aka gano a gidajen rediyon karkara da harshen da kuke ji.

Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, har da namu, ku tambaye shi: nawa aka ware wa bincike bana, yaushe aka saki, me ya fito? Wanda ya kasa amsawa, kada ku ba shi amanar rumbunku.

Ku adana katin zaɓenku, ku fito da wuri ranar ƙuri'a. Allah ya ba mu damina mai albarka.