Mayen ƙarfe da lafiyar saniyarka



Kai manomin Dogo-Dogo, in tsohuwar rediyonka ta mutu, kada ka yar da ita. Buɗe ta. A bayan lasifika akwai wani baƙin ƙarfe mai kama allura. Shi ne mayen ƙarfe, wato maganaɗisu. Ba tsafi ba ne.

Kowane abu, ƙarfe ko ruwa ko gero, haɗin ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya gani. Sunansu atom. Ƙwayoyin ƙarfe, kowace tana da ɗan ƙarfin ja. A cikin ƙusa sun rabu ƙungiya-ƙungiya, kowace ta dubi wajenta, sai ƙarfin ya watse. A cikin maye kuwa sun fuskanci waje guda kamar sahun masallaci, ƙarfinsu ya haɗu.

To, ga amfaninsa gare ka. Saniya ba ta tauna sosai kafin ta haɗiye. Ƙusa ko guntun waya cikin dusa na iya huda cikinta har ya taɓa zuciya. Ɗaure mayen da igiya, ka ja shi cikin dusar kafin ka ba ta.

Amma kada ka sa shi a wuta. Zafi mai yawa yana ɓata sahun nan, ya daina kamawa.