Gani Ya Kori Ji: Hirarmu A Kan Zane-zane Da Gidajen Tarihi

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Sabo, Badun



 

Kwamiti ya umurce mu da mu ɗan yi magana a kan zane-zane da gidajen adana kayan tarihi, waɗanda don sauƙin faɗi za mu riƙa kiran su gidajen tarihi. Mun san akwai mai cewa a ransa, ina ruwan mai huhun goro ko dillalin shanu da wani zane? To, a yi haƙuri a saurare mu. Abin da za mu kawo ba daga jami'a muka kwaso shi ba, daga majalisunmu ne na bayan la'asar. Mun ɗauki 'yan makonni muna jefa tambaya ɗaya a tsakanin abokai, wato wane zane ko wane abin tarihi ne ka taɓa gani da idonka wanda har yau bai fita daga ranka ba? Amsoshin da muka samu sun nuna mana cewa jama'armu sun ga abubuwa da yawa, faɗa ne kawai ba su yi.

Bari mu fara da direbobi, tun da su suka fi kowa zaga ƙasa. Wani dattijo daga cikinsu ya ce shi kam ba abin da ya kai motar marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda aka ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Ikko. Baƙar Marsandi ce, a cikinta aka harbe shi ran 13 ga Fabrairu 1976, kuma ga ramukan harsashi nan a jikinta. Ya ce ya sha jin labarin a rediyo da bakin mutane, amma ran da ya tsaya gaban motar nan sai da ya nemi wurin zama. Gani ya kori ji ke nan. Shi wannan gida an buɗe shi a 1957, kuma wani Bature mai suna Kenneth Murray ne ya tsaya a kan kafa shi. Wani direban kuma dariya ya yi, ya ce shi gidan zanensa yawo yake yi a kan titi. Yana nufin zanen da ake yi a bayan manyan motocin katako: zaki, da ɗawisu, da mahayin doki, da furanni, da karin maganar da ake rubutawa a goshin mota. Kada a raina wannan amsa. Mai fentin nan da burushi yake aiki, kuma sai ya san yadda launi ke zama kusa da launi, daidai da wanda ya yi karatun abin.

Daga nan muka je wurin 'yan kara. A can ne wani ya ba mu labarin duwatsun Birnin Kudu a Jihar Jigawa, wato Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka zana shanu a jikin dutse. A shekarun 1950 ne masana suka fara rubutu a kansu. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne shanun ba su da tozo. To, wa zai lura da wannan in ba wanda ya tashi cikin shanu ba? Wannan kallo guda ya isa ya gaya mana cewa irin shanun da aka yi kiwo a ƙasarmu a wancan zamani dabam suke da waɗanda muke saukewa daga tirela a yau. Wani kuma ya ƙara da kwalekwalen Dufuna na Jihar Yobe, wanda wani Bafulatani ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Tsawonsa ya kai mita 8, kuma masana sun auna shekarunsa sun ce wajen 8,000 ne.

Teloli kuwa Kano suka nufa da mu. Ɗaya daga cikinsu ya ce duk ran da ya je gida sai ya leƙa Gidan Makama, wanda ke daura da fadar Sarki. An gina shi tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan sana'o'i, da hotunan Kano na da. Amma ya ce in ana maganar zane, to, a ɗauko tsohuwar riga mai aska takwas a shimfiɗa a gaban kowane gwani. Kafin allura ta taɓa rigar nan sai da wani ya zana aikin a kan ƙyalle da alƙalami, sa'an nan maɗinki ya bi shi wata da watanni.

Wani Bazazzage magini da ke zaune a wurin bai bari an rufe zancen ba. Ya ce a tuna da Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Da ƙasa da azara ya ɗaga waɗannan bakan gizo, ya ƙawata ginshiƙai da zane tun laka tana ɗanya. Kun ji inda aka samo tun ran gini tun ran zane. Saboda darajar aikin nan har kwafinsa aka gina a Jos, a sashen gine-ginen gargajiya da ke harabar gidan tarihin garin, wanda aka buɗe a 1952. Haka nan zanen da ake yi a fuskar soraye da zaure a Zariya da Kano da Katsina, da dagi da zankwaye a sama, duk aikin hannun iyayenmu ne, kuma baƙi na tasowa daga ƙasashe masu nisa don su ɗauki hotonsa.

Malaman makarantar boko su ne suka kawo mana zane irin na burushi a kan ƙyalle. Ɗayansu ya ce wanda ya fi so shi ne wani zane da ake kira Tutu, na Ben Enwonwu mutumin Onitsha. Ya zana wata 'yar sarautar Ife mai suna Adetutu bayan Yaƙin Basasa da 'yan shekaru, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauke shi alamar sulhu, ga mai zane Ibo, ga wadda aka zana Bayarabiya. Zanen ya ɓace shekaru masu yawa, sai a 2017 aka gano ɗaya a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Da aka faɗi kuɗin nan majalisa ta yi tsit, sai wani ya ce a lissafa masa da shanu. Malamin ya ƙara da cewa da yawa daga manyan masu zanen ƙasar nan a Arewa suka koyi aikin. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyar masu zane. A cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo mutumin Ikko wanda aka sani da son launin shuɗi. Abin da suka tsaya a kai shi ne a koyi dabarar Turawa amma a zana abin gida. Kun ga ke nan ba mu kaɗai ba ne muka bar gari muka je neman abin kai a ƙasar wasu.

Iyayenmu mata ma mun tambaye su. Wata Hajiya ta ce mu ciro takardar Naira 20 mu juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, ta rasu a 1984. Da wuƙa da tsinke take zana kifi da kunama da ƙadangare a jikin tulu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Hajiya ta ce ban da wannan, a duba zanen ƙwarya, da saƙar faifai, da lallen amarya, da jeren ɗakin amarya. Ta ce in gidan tarihi wuri ne da ake jera abu mai kyau don a gani, to, mata sun riga maza buɗewa.

Amsa ta ƙarshe daga malamin allo ta fito, ya ce zayyana. Duk wanda ya yi sauka ya san allon zayyana, da adon da mahaddata ke yi da jar tawada da rawaya a gefen Alƙur'anin da suka rubuta da hannu. Wannan ya kawo mu ga tambayar da muka san tana zukatan wasu, ko ya halatta Musulmi ya shiga gidan da aka ajiye sassaƙe-sassaƙe da surorin masu rai. Hukunci na malamai ne, ga su nan zaune, kuma muna roƙon su ware mana zama guda a kan wannan. Abin da za mu iya faɗi shi ne, gidajen nan sashe-sashe ne. Akwai sashen tufafi, da na makamai, da na kuɗin da, da na rubuce-rubuce, da na kayan kiɗa. A Makka ma akwai gidan da aka ajiye tsofaffin kayan Masallatai Biyu masu alfarma, kuma alhazanmu da yawa sun ziyarce shi. Saboda haka wanda zuciyarsa ba ta natsu da wani ɗaki ba, ya wuce zuwa na gaba.

To jama'a, me ya sa muka ɗauki lokacinku da wannan hira? Dalili biyu ne.

Na farko 'ya'yanmu. An kafa unguwar nan ta Sabo a 1916, yau sama da shekara ɗari ke nan. Akwai yaranmu da kakanninsu ma a nan aka haife su. Suna jin Yarbanci kamar ruwa, wannan kuwa alheri ne, amma ka tambayi yaro mene ne azara, ko tubali, ko gafaka, sai ya tsaya yana kallonka. In malaminsu a makaranta ya yi maganar kawunan tagulla na Ife, ɗan maƙwabcinmu zai ɗaga hannu ya ce na kakanninsa ne. In aka juyo kan namu yaron aka ce ku fa, me zai ce? In bai san Babban Gwani ba, bai san Gidan Makama ba, zai ɗauka iyayensa ba su zo da komai ba sai awo da ciniki. Yaron da ya tashi da wannan tunani, wuya ne ya tsaya da ƙafarsa a cikin mutane.

Na biyu kayan da ke hannunmu. A 1897 sojojin Ingila suka ci Birnin Binin da yaƙi, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa. A 1977, lokacin bikin FESTAC a Ikko, Nijeriya ta nemi a ba ta aron fuskar hauren giwan nan da aka yi tambarin bikin da ita, gidan tarihin Landan bai bayar ba. Sai a 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar da sama da guda 1,000, Holan kuma ta dawo da 119 a 2025. Ku duba shekarun da aka yi ana roƙon abin da yake naka ne. Su da ƙarfin bindiga aka raba su da nasu. Mu kuwa da 'yan kuɗi kaɗan ake raba mu da namu. Dattijo zai rasu, kafin a yi sadakar arba'in mai sayen tsofaffin kaya ya iso, a ba shi takobi, da riga saƙi, da kundin Ajami, a kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba. A sani kuma akwai dokar 1979 wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta kuma hana fitar da irin waɗannan kaya waje ba tare da izni ba. Wanda ya shiga wannan ciniki yana iya jawo wa kansa da sunan unguwa abin da ba a so.

Don haka muna gabatar wa kwamiti shawara uku. Ta ɗaya, a hutun makaranta mai zuwa a ɗauki mota a kai yaranmu gidan tarihin da ke nan Alesinloye a cikin Badun, wanda aka buɗe a 2002, inda aka jera kayan kiɗa da tukwane na ƙabilu dabam-dabam. In hali ya yi, a wuce Onikan. A haɗa su da dattawa biyu ko uku, don abin da dattijo zai faɗa a gaban kaya ya fi abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Ta biyu, a sayi babban littafi a bi gida-gida a rubuta abin da kowa ya gada, da sunan mai shi na farko, da garin da ya fito da shi. Ba za a karɓi kayan kowa ba, rubutawa kawai za a yi a ɗauki hoto. Ta uku, duk mai zuwa gida da Sallah ko biki ya ware wa iyalinsa yini guda, ya kai su Gidan Makama, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko hasumiyar Gobarau a Katsina, gwargwadon inda ya nufa.

Kafin nan kuma, tambayar da muka yi ta yawo da ita kyauta ce. Kowa ya yi wa abokinsa ita a majalisa, ya yi wa mahaifiyarsa ita in tana raye, a kuma bar yara su zauna kusa su ji amsa.

 Allah ya ƙara mana zumunci, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu.